Mai Rumfa da Tantin Mutum Biyu

Duk wanda ya taɓa hulɗa da Mai Rumfa ya san dokarsa guda a sana'a: ba a kafa rumfa daidai da yawan waɗanda aka gayyata. In ka je shagonsa ka ce taronka ƙarami ne, rumfa ɗaya ta ishe ka, sai ya dube ka kamar ka yi abin kunya a gaban surukai, ya ce, "To, waɗanda ba ka gayyata ba fa? A rana za su tsaya?" Kafin ka buɗe baki ya sa an ƙara rumfa guda da kujerun roba a bayan mota. Abin haushin kuma, yawanci shi ke da gaskiya.

Da a shago dokar ta tsaya, da da sauƙi, amma har gida ta biyo shi. A hawa na biyu na wani tsohon bene suke zaune, kuma falonsu bai taɓa sanin shiru ba. Mai gyaran famfo in ya zo aiki, sai ya zarce da hira har la'asar. Wanda ya ɓata hanya ya ƙwanƙwasa ƙofa, sai ya sha shayi kafin a nuna masa gidan da yake nema. Matarsa ta daɗe da daina tambayar mutum nawa za a dafa wa. Babbar tukunya kawai take ɗorawa, ta bar wa Allah sauran.

A cikin wannan kasuwa Auta, ɗansu na ƙarshe, ya girma. Tun yana ɗan makaranta yakan tsaya a bakin ƙofar falo ya ce, "Baba, ina son magana da kai." Uban sai ya washe baki, ya nuna baƙi da hannu ya ce, "Faɗi mana, ai duk na gida ne." Auta ya dubi na gidan, waɗanda rabinsu ko sunansu bai sani ba, ya ce, "A bari kawai, sai an jima." An jimar ce dai ba ta taɓa zuwa ba.

Yanzu ga shi Auta ya zama safiyo, aikinsa awon ƙasa a daji da kan tsaunuka, har ya samu aiki a wata ƙasa mai nisa, ƙarshen wata zai tashi. Mai Rumfa ya yi ta shelar labarin ga duk wanda ya shigo, yana fahariya, amma a ransa tsoro ne fal. Yaron nan zai tafi, kuma in aka tambaye shi abin da ke cikin Auta, sai dai ya ce yaro ne mai ladabi, daga nan magana ta ƙare masa.

Wata rana Auta ya tare shi a matakala, wurin da babu kujerar baƙo.

"Baba, kafin in tafi ina so mu hau tsauni, mu kwana biyu a can. Amma da sharaɗi. Mota ba ta zuwa wurin. Abin da bayanka ya ɗauka, shi ne ɗakinka, shi ne kicin ɗinka. Ranar Asabar za ka goya kayanka tun daga ƙasa har rufin benen nan. In ka kai, mun tafi. In ba ka kai ba, ba zan kai ka inda za ka faɗi a hannuna ba."

Daɗi ya kama Mai Rumfa har kunne, amma sai ya ɓoye shi cikin faɗa. "Ni za a gwada wa ɗaukar kaya? Ni da na tsufa ina kafa wa jama'a inuwa?"

Gaskiya ne ya tsufa yana kafa inuwa, sai dai da baki yake kafa ta, da yatsa yana nuni. Ma'aikata ke ɗauka, mota ke kaiwa. Rabonsa da ɗaga abin da ya fi butar shayi nauyi tun gashinsa yana baƙi.

Washegari suka je shagon kayan tafiye-tafiye. Jakunkunan goyo na rataye a bango, ga takalma masu kauri, ga tocila, ga wasu 'yan tukwane kamar na wasan yara. A tsakiyar shagon an kafa wani ɗan tanti kore don masu saye su gani. Mai Rumfa ya zagaya shi, hannuwa a baya, sannan ya dubi mai shagon, wata mata mai tabarau.

"Wannan samfuri ne, ko? Ina na gasken?"

"Shi ne na gasken, Baba. Na mutum biyu ne."

"Mutum biyu masu rai?"

Ya murza yadin tsakanin yatsunsa ya girgiza kai. Ya lanƙwasa sandar tantin, ya ce tsinken tsintsiyar matarsa ya fi ta ƙwari. Da aka miƙo masa turakun, sai ya tambaya ko na sakace ne. Mai shagon, da alama ta saba da irinsa, ta ce ya shiga ya gani da idonsa, ai gani ya kori ji.

Ya durƙusa da ƙyar, ya cusa kai, ya cusa kafaɗu, tumbi ya bi da lallashi, sauran jikin kuwa ya ce shi kam a waje zai kwana. Rigarsa ta maƙale a zif. Daga ciki aka ji muryarsa a toshe.

"Ina baƙo zai zauna?"

"Babu baƙo a kan tsauni, Baba," in ji Auta, yana ƙoƙarin ɓanɓare rigar.

"Babu inda babu baƙo."

Da aka jawo shi waje, aka nuna masa bargo mai zif wanda ake shiga ciki a kwana, sai ya ja da baya. Ya ce yana raye, da hankalinsa, ba wanda zai zuge shi cikin buhu kamar hatsi. Takalma kaɗai ya yarda da su, su ma don sun ƙara masa tsawo ne. Auta bai yi musu ba. Ya sa aka naɗe masa koren tantin, da barguna biyu, da ɗan murhun gas, da kofi biyu.

"Kofi biyu," Mai Rumfa ya maimaita a hanya, kamar mai isar da labarin rasuwa.

Hali zanen dutse. Kafin magariba, ba tare da ya shirya ba, bakinsa ya riga ya gayyaci Tela na hawan ƙasa. Tela yana cikin godiya sai ga Mai Kemis ya leƙo, kuma ba a gayyatar mutum a gaban maƙwabcinsa a bar maƙwabcin, don haka shi ma ya shiga. Bai gaya wa Auta ba. Ya ce a ransa in yaron ya ga tsarin da zai yi, shi da kansa zai yaba.

Kwanakin da suka biyo baya a sito ya yi su. Ya fito da mafi ƙanƙanta cikin rumfunansa, shuɗiya mai farar geza, wadda yake ba masu ƙaramin taro. Ya sa mai walda ya rage wa ƙarafan tsawo. Ya haɗa da guduma, da turakun ƙarfe na gaske, da igiya mai kaurin yatsa. Sannan kujerun roba huɗu, don ba a zaunar da dattawa a ƙasa, da babbar butar shayi, da kofuna cike da tire, saboda waɗanda ba a gayyata ba.

Matarsa ta tsaya a kansa tana kallon tulin. "Baban Auta, tsauni za ku hau, ko biki za ku kai wa birai?"

"Ke ba ki san sana'a ba."

"Na san bayanka dai. Ni ke shafa masa man zafi."

Ranar Asabar da hantsi, duk benen ya fito kallo. Tela ya zo da wata hular rana da ya ɗinka wa kansa, mai faɗin faifai. Mai Kemis ya rataya jakar magunguna, ya ce ko kan tsauni ciwon kai ba ya hutu. Auta ya dube su, ya dubi kayan da ke jibge a gindin matakala, ya dubi ubansa.

"Baba, su ma tafiyar za su yi?"

"Ai duk na gida ne."

Auta ya ajiye wata 'yar jakar goyo da ya shirya, mai ɗauke da koren tantin, a gefen bango, ya koma ya harɗe hannu.

Tela da Mai Kemis ne suka ɗaga kayan suka ɗora wa Mai Rumfa. Tanfol ɗin rumfar a naɗe cikin jaka, ƙarafa a gicciye a sama, kujeru a ɗaure a baya ƙafafunsu na kallon jama'a, buta na reto a gefe. Suka tambaye shi ko su saki. Ya ce su saki mana, me suke jira. Suka saki.

Ya tsaya cak na ɗan lokaci, idanu a waje. Sannan a hankali, cikin natsuwa, kayan suka yanke shawarar komawa ƙasa, suka tafi da shi. Ya kwanta rigingine a kan kujerunsa, sababbin takalma na harbin iska, tiren kofuna na ta waƙa a kan siminti. Matarsa, daga baranda, ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Santsi ne," in ji shi, da aka tashe shi. "Wa ya wanke wurin nan?"

Ba wanda ya wanke wurin tun makon jiya, amma aka bar kaza cikin gashinta. Ya yarda a cire kujerun, ya ce dama dattawa sun fi sakewa a kan tanfol. Wannan karon ya tsayu. Ya kama ƙarfen matakala ya fara hawa, kowane taku da nishinsa. Kafin ya kai kwanar farko gumi ya jiƙa shi sharkaf, ya ce a karɓi gudumar, ai duwatsu ba su ƙare a kan tsauni ba. Tiren kofuna ya bi ta. Butar ma ya miƙa, amma sai da ya kawar da kai, kamar mai sallama da ɗan'uwa.

A kwana ta biyu ta matakalar ne tsiyar ta faru. Duk tsawon rayuwarsa a fili yake kafa rumfa, bai taɓa tunanin matakala tana da faɗin da ba ta wucewa ba. Yana juyawa, ƙarafan da ke gicciye a kafaɗarsa suka cije, baki ɗaya a bango, ɗayan cikin ƙarfen matakala. Ya yunƙura gaba, suka ƙi. Ya gwada baya, suka ƙi. Ya tsaya a rataye kamar rigar shanya.

Tela ya ce a juya shi ta hagu. Mai Kemis ya ce a'a, a fara ba shi ruwa da ƙwayar hawan jini. Wata maƙwabciya da ta sauko da bokitin wanki ta tsaya a samansa tana tambaya ko da sauran jira, don in yau ba za a buɗe hanya ba ta koma ta ɗora girki. Ana ta surutu, kowa na jan ƙarfensa, shi kuwa yana haki yana ba da umarnin da ba mai ji.

Auta ya hauro, ya sunkuya ta ƙarƙashin ƙarafan, ya tsaya gabansa. Ba ya dariya. Ya dubi jijiyoyin wuyan ubansa da ƙafafunsa masu karkarwa, ya yi magana ƙasa-ƙasa, yadda su biyu kaɗai za su ji.

"Baba, a bari kawai. Sai in na zo hutu."

Mai Rumfa ya san wannan "a bari kawai", tun tana fitowa daga bakin yaro mai kayan makaranta ya san ta, kuma ya san abin da aka bari ba ya dawowa. Da can akwai gobe, yaron na ɗaki na kusa. Yanzu in aka bari, jirgi ne zai ɗauke maganar. Tsoron da yake ta rufewa da fahariya ya taso masa.

"Kwance ni," ya ce.

"Baba…"

"Na ce kwance ni, ka miƙo min waccan 'yar jakar taka."

Aka sassauta igiya, ya zame daga cikin kayan, ya bar rumfarsa a maƙale tsakanin bango da ƙarfe, geza na lilo. Ya sauko har ƙasa, don sharaɗin daga ƙasa aka ce. Auta ya goya masa 'yar jakar, ya ɗaure masa maɗaurin ƙugu, ya ja na ƙirji. Mai Rumfa ya girgiza kafaɗa ya ji kamar an manta ba a sa komai ba.

Saura abu mafi nauyi. Tela na tsaye da hularsa, Mai Kemis da jakarsa, suna jiran jin inda za su kwana. Mai Rumfa ya buɗe baki ya rufe. Tun da yake bai taɓa faɗin maganar nan ba, harshensa bai ma san hanyarta ba.

"Jama'a," ya ce. "Wato… abin da ake ciki… tantin nan, kun gane, na mutum biyu ne."

"To mu matsa mana," in ji Tela. "Ni ai ba ni da jiki."

Ya kusa cewa to. Wallahi kalmar ta zo har leɓe. Sai ya ga Auta ya sunkuyar da kai yana kallon takalmansa, kamar yadda yake yi a bakin ƙofar falo.

"Babu wuri," ya ce, da ƙarfin da ya ba wa shi kansa tsoro. "Ku yi haƙuri. Babu wuri."

Matarsa ce ta fara magana daga baranda, ta ce a taimaka a riƙe ta, yau ta ji abin da ba ta zaci za ta ji ba kafin ta mutu. Mai Kemis ya sauke ajiyar zuciya, ya ce dama gwiwarsa ba ta son tsauni, kunya ce ta hana shi faɗa. Tela ne kawai ya ji haushi, shi ma saboda hular.

Mai Rumfa ya hau. Ya durƙusa ya ratsa ta ƙarƙashin ƙarafansa, ya wuce ƙofar gidansa, ya huta ya sake hutawa, bai dai ajiye jakar ba. Da ya kai rufin bene ya rungume tankin ruwa yana haki, ya ce a gaya wa tsaunin ya shirya.

Tsaunin kuwa bai ji tsoro ba. Da ranar tafiya ta zo, yini guda suka yi suna hawa, Mai Rumfa na tsinuwa ga duk dutsen da ya taka, yana tambayar ko an kusa. Da la'asar suka isa wani fili mai ciyawa a gefen rafi, hadari na haɗowa daga gabas. Nan sana'a ta motsa. Ya duba inda iska ke fitowa, ya juya wa tantin baya gare ta, ya kafa turakun sakacen nan a karkace, ya ja kowace igiya har ta yi ƙara. Ya ja da baya ya duba aikinsa, ya ce ba laifi, in dai kaji za a saka.

Ruwa ya sauko kafin shayi ya gama tafasa. Suka kashe murhu, suka rarrafa ciki da kofunansu, suka zauna gwiwa na gugar gwiwa, kan Mai Rumfa na tokare da rufi. Can sai ɗigo ya fara sauka daga wani ɗinki, daidai tsakaninsu.

"Ka gani ko? Tun a shago na ga ɗinkin nan." Ya laluba aljihu ya fito da kofi na uku, wanda ya ɓoyo tun daga gida, ya tara a ƙarƙashin ɗigon.

Auta ya dubi kofin ya fashe da dariya. "Baba, ba ka daddara ba."

"Mutum bai san wanda zai zo ba." Ya gyara zama, gwiwarsa ta bugi ta ɗansa. "Amma kai ma, duk shagon nan babu wanda ya fi wannan akurkin girma?"

"Akwai. Akwai na mutum shida, kuma da mun raba shi tsakaninmu za mu iya ɗauka." Auta ya juya kofinsa a hannu. "Da gangan na zaɓi wannan. Na san in akwai wuri, sai ka cika shi."

Ruwa na ta dukan yadin.

"Baba, ina son magana da kai."

Kafin ya ankara idonsa ya tafi ƙofa, hannunsa ya ɗaga zai yi nuni. "Faɗi mana, ai duk…" Sai ya tsaya. Ta bakin tantin babu abin da ake gani sai ciyawa da ruwa. Ya sauke hannun. "Ina jin ka."

Auta ya buɗe baki, ya yi murmushi, ya sosa ƙeya. "Wallahi sun taru da yawa, ban san ta inda zan fara ba. Ka tuna lokacin da na ci gasar gudu a firamare?"

"Ka ci gasa?"

"Na ɗaya na zo. Har kofi aka ba ni. Ranar na shigo in nuna maka, na tarar kuna hira da mai gyaran famfo."

Kunya da tausayi da daɗi suka haɗe wa Mai Rumfa, har idonsa ya cika. Ya ce hayaƙin murhun nan ne, ko da yake an daɗe da kashe shi. Sannan ya miƙa hannu ya kama zif ɗin da ya raina, ya ja shi har ƙasa, ya gyara wa kofi na uku zama a ƙarƙashin ɗigon.

"To," ya ce. "Su wa ka tsere wa? Faro min tun daga farko."